Ta yaya za a gane ko kuɗin masu tallafi ya rage masassara a jahar Maraɗi?

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san aikin likita da aikin ƙididdiga ce.

Kowace shekara rahotannin porje-porjen yaƙi da masassarar cizon sauro suna fitowa da manyan lambobi: magani kaza aka raba, gwajin jini na gaggawa, wato TDR, kaza aka yi, yara kaza suka sha maganin rigakafin damina na CPS. Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da masassara ya zuba kuɗi, Amurka ta zuba, ƙungiyoyin likitoci sun zo sun zauna. Amma da Satumba ta kama, ɗakunan kwantar da yara cika suke yi maƙil. Kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, na 2023 sun sa Nijar ta uku a duniya wajen mace-macen wannan ciwo, bayan Najeriya da Kwango, da kusan kashi 6 cikin ɗari.

To, a ce mutum yana da rahotannin wata-wata na gundumar lafiya guda, na shekara biyar ko shida, kuma kuɗin hannunsa bai isa babban bincike ba. Ya duba ya ga yawan masu masassara da aka rubuta hawa ya yi bayan zuwan porje. Sai ya ce porjen ya faɗi ke nan? Me zai auna, ta ina zai fara, kuma wace lamba ce ba za ta yaudare shi ba?

Hajiya ta Mokoyo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yanke wa porje hukunci don lambar rajista ta hau. Sau da yawa hawan nata yana nufin mutane sun fara zuwa likita ne, ba sauro ne ya ƙaru ba.

Dubi abin da ya sami ita kanta rajistar. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, uwar da a da take sayen ƙwaya wurin ƴan talla ta soma kai ɗanta likita, aka rubuta shi. A 2010 OMS ta ce a riƙa gwada jini kafin ba da magani. Kafin nan kusan duk zazzaɓin damina masassarar sauro ake kiransa. Wannan sauke lamba yake yi, amma duk watan da TDR ya yanke sai a koma rubutawa da ido, ta sake tashi. Daga 2017 rahotanni suka koma kwamfuta a tsarin DHIS2, cibiyoyin da rahotonsu ke maƙalewa a hanya suka fara bayyana. Ga kuma ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka da aka ba TDR da magani: yaron da ke nesa da likita, wanda a da babu shi a lissafin kowa, yanzu ya shiga. Duk waɗannan babu wanda ya shafi sauro.

Don haka aikin farko jera takarda ne. Kowane wata ka fitar da cibiyoyi nawa ya kamata su aiko rahoto, nawa suka aiko. Mutum nawa suka zo ganin likita kan kowane irin ciwo. Nawa aka gwada. Nawa gwajin ya kama. Ka raba ƴan ƙasa da biyar da na sama da biyar. Sannan ka ware cibiyoyin lafiya, wato CSI, da ba su yi fashin rahoto ko sau ɗaya ba tun farkon zangon har ƙarshensa, ka yi lissafinka da su kaɗai. Goma masu cikakken rahoto sun fi talatin masu giɓi.

Sai yawan jama'ar da kake raba lambar da shi, nan ma akwai rami. Ƙidayar 2012 ta ba jahar Maraɗi mutum miliyan 3.4, abin da ya biyo baya hasashe ne a kan ƙaruwar kusan kashi 3.9 a shekara. Shi ya sa za ka ga rahoton kamfen rabon magani ya ce an kai fiye da ɗari bisa ɗari, babu wanda ya ji kunya. A gundumomin bakin iyaka abin ya fi muni. Iyaye daga wajen Jibiya suna kawo yara Ɗan Isa da Madarunfa, ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sun shigo Gidan Rumji tun 2019. Suna cikin marasa lafiya, ba su cikin ƙidaya. Rajista tana da gurbin garin da mutum ya fito. Ka zauna ka ƙirga su daban. Ka kuma sa alama a watannin da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zuwa Maris na 2024, don zirga-zirga ta canza.

Bayan ka share duk wannan ne za ka zo kan ainihin tambayar: da babu porjen, me za a gani? Manomin da ya zuba taki a shekarar da ruwa ya yi kyau ba shi da bakin cewa taki ne ya cika rumbu, sai ya leƙa gonar maƙwabcin da bai zuba ba. Kai ma maƙwabci kake nema.

Mafi sauƙi shi ne gundumar da ba a fara aikin ba tukuna. Ka ɗauki canjin da aka samu a taka, ka cire canjin da aka samu a waccan a daidai wannan lokaci. Abin da ya rage shi ne rabon porje. Sharaɗi guda: tun kafin porje, lambobin gundumomin biyu su kasance suna hawa da sauka tare. Kada ka gwada Madarunfa, mai tafki da gulbi da noman rani na Jiratawa, da Barmo da ke bakin daji. In babu gunduma, nemi maƙwabci a cikin gida. CPS na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59. Yayyensu ƴan shekara 5 zuwa 14 ruwa ɗaya ya sauka musu, sauro ɗaya ke cizonsu. In masassara ta ragu a ƙanana ta tsaya a manya, ka kama wani abu. In duka suka ragu tare, duba ruwan sama da sange. In har gudawa da ciwon huhu ma sun ragu a takarda, to likitar ce mutane suka daina zuwa.

Satumba ake gwadawa da Satumba, ba da Afrilu ba. Ka nemi aƙalla damina uku kafin porje, ka ajiye ma'aunin ruwan sama na kowane wata kusa da lambobinka, ka tuna masassara takan biyo ruwa da ƴan makonni. 2020 da 2024 shekarun ambaliya ne, kada ɗayansu ta zama mafarinka ita kaɗai. Masu tallafi sukan zo ne bayan shekara ta ɓaci, wadda ke biye kuwa ko babu kowa takan yi sauƙi, sai a ɗaura wa porje rawanin da ba nasa ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Aikin Garki, a Jigawar yau, daga 1969 zuwa 1976, ya ware ƙauyukan da aka yi wa feshi da rabon magani da waɗanda ba a taɓa ba, kuma ya ci gaba da awo bayan an daina. Da haka aka ga ciwon ya faɗi sosai, aka kuma ga ya dawo.

Majo mai ritaya

Hajiya ta gama da takarda. Ɗana, taso mu shiga sito da ɗakin kwantarwa, don a nan ake ganin ko magani ya zama lafiya.

Tsakanin zafin jiki da warkewa akwai ƙofofi, kowace tana zubar da yara. Ga misali, lambobin na koyarwa ne kawai: a ce yara 100 sun kamu, 60 suka isa likita, aka gwada 48, 43 suka tarar da magani, 30 suka shanye shi daidai. Rahoto zai ce an yi wa 43 magani, kuma bai yi ƙarya ba. Amma 30 cikin 100 ne suka amfana yadda ya kamata. Mai awo na ƙwarai kowace ƙofa yake auna wa lambarta, don ya faɗa wa mai kuɗi inda kuɗinsa ke yoyo.

Fara da katin sito. Maganin artemeta-lumefantirin, wanda kowa ke kira Coartem, kala huɗu yake zuwa bisa nauyi: ƙwaya 6 ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya 12 daga 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 18 daga 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 24 daga 35 zuwa sama. Ƙirga kwanakin da kowane kala ya nuna sifili, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Mai 6 ke riga ƙarewa, sai ma'aikaci ya sa almakashi ya yanka mai 24 gida huɗu. Yara huɗu sun samu, takarda ta ce babba ɗaya. Wani lokaci kuma a haɗa mai 6 guda biyu a ba yaro ɗaya, takarda ta ce biyu. Saboda haka ƙwaya za ka ƙirga, ba farantin da ƙwayoyin ke jere a ciki ba. Kuma in za ka fitar da matsakaicin abin da ake ci a wata, raba da kwanakin da maganin ke nan kawai. In ka haɗa da kwanakin yankewa, odar gaba za ta zo a gajarce, yankewa ta haifi yankewa.

Daga nan sai haɗa baki uku: TDR nawa suka fita daga sito, gwaji nawa ke cikin rajista, mutum nawa ya kama, magani nawa aka ba. In magani ya zarce waɗanda gwaji ya kama da nisa, ko dai ana ba waɗanda bai kama ba, ko kuma yana bin wata hanya zuwa kasuwa. In kuwa lambobin sun zo daidai wa daida kowane wata, ko ɗaya babu bambanci, to alƙalami ne ya yi aiki a ƙarshen wata.

TDR shi ma sai an zauna an kalli yadda ake yinsa. Kowane kamfani da yawan ɗigon ruwansa da mintocinsa, 15 ko 20. Wanda ya karanta da wuri zai rasa layin da bai fito sosai ba, wanda ya bari ya daɗe zai ga layin da babu shi. Katan ɗin da ya kwana ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, ba abin dogaro ba ne. Sannan irin gwajin da aka fi amfani da shi yakan ci gaba da kamawa makonni bayan an warke. Yaron da ya dawo da zazzaɓi bayan sati biyu sai a sake rubuta shi sabon kamu, alhali ƙila ciwon huhu ke cinsa.

Shan maganin kuwa, a gida ake ganinsa. Sau shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma da nono ko abinci mai maiƙo, ko da kunun gyaɗa ne, don jiki bai jan lumefantirin sosai a kan ciki wayam. Ɗauki sunaye 30 daga rajista, a bi su gida rana ta huɗu, a nemi ganin farantin. Za ka tarar da wanda aka tsaya da shi ranar da jiki ya yi sanyi, sauran an ajiye wa ƙaninsa.

Amma in aka ce in zaɓi lamba guda, ta ɗakin kwantarwa zan ɗauka: yara nawa aka kwantar da masassara mai tsanani, nawa awon jininsu ya faɗi ƙasa da giram 5, ledar jini nawa aka ƙara, nawa suka rasu. Ledar jini ba ta ƙarya, don ɗakin gwaji yana da littafinsa daban. Ka raba mutuwar gida biyu. Wadda ta faru cikin awa 24 na farko galibi ta jinkirin zuwa ce: hanya, amalanke, kuɗin mota, tsayawa wajen mai maganin gargajiya. Wadda ta faru bayan nan, tambayi ɗakin: an samu jini? an auna sukari? an yi allurar dare? Allurar artesunat, maganin masassara mai tsanani, miligiram 2.4 ce a kowane kilo, 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a yi da isowa, a awa 12, a awa 24, sannan a cika da Coartem na kwana uku. Babban gwajin AQUAMAT na 2010 a ƙasashen Afirka tara ya nuna mutuwa kashi 8.5 da artesunat, 10.9 da kinin. Wannan riba tana samuwa ne in an auna nauyi an kuma kiyaye awa. Jawo fayil 30 ka duba ko an rubuta kilo, ko an rubuta lokacin allura uku.

Malam Na-Tasawa

Ranka ya daɗe, Majo, a nan zan ɗan saɓa maka. Ɗakin kwantarwa wanda ya iso kaɗai yake gani. Porjen da ya gyara hanyar tura marasa lafiya, ya sa motar asibiti, zai kawo yaran da a da suke cikawa a gida, mutuwar asibiti ta hau alhali ta gari ta sauka. Dole a haɗa lambarka da ta ƙofar gida. Ko artesunat na matsi, wanda ake sa wa yaro ta dubura kafin a tura shi, ya nuna haka. A gwaji ya ceci rai, amma binciken CARAMAL a Kwango da Yuganda da jihar Adamawa bai ga raguwar mutuwa ba, don yara da yawa ba su ƙarasa asibiti ba, ko ba a cika musu magani ba. Har OMS ta ja hankali a kai a 2022. Wanda ya ƙirga matsin da aka raba kawai, da ya ce an ci nasara.

Ɗan Bagalam, ga yadda ake bin CPS. OMS ta amince da shi a 2012, Nijar ta fara a 2013 a wasu gundumomi, har da Madarunfa. Ranar farko yaro yana shan sulfadoksin-pirimetamin da amodiyakin a gaban mai rabo. Rana ta biyu da ta uku amodiyakin ne a hannun uwa. Ana maimaitawa duk kwana 28 a watannin damina. Ba a ba wanda ke kwance da ciwo, ko wanda ke shan kotirimokzazol, ko wanda ya sha irin maganin cikin makonni huɗu da suka wuce. In ya yi amai cikin minti 30 a sake ba shi.

Takardar masu rabo ranar farko kaɗai ta sani, ita ma wani sa'in miƙa wa uwa ake yi a wuce. Kuma kada ka tambayi mace "ya sha?" Kara ba za ta bari ta ce a'a ba, balle in mai tambaya yana sanye da rigar porje. A Magariya ta Damagaram an auna amodiyakin a jinin yara, aka ga waɗanda suka shanye na kwana uku ba su kai yadda iyaye suka faɗa ba, nesa ba kusa ba. Ka tura wanda bai yi rabo ba, cikin sati guda bayan zagaye, ya nemi kati da faranti, ya tambayi wa ya ba yaron, da wane lokaci, ya tofar ko ya haɗiye.

In kuɗi ya yi kaɗan, akwai awon LQAS. Raba gunduma zuwa yankunan CSI, a kowane yanki a zaɓi yara 19 ta hanyar ƙuri'a, ba gidajen bakin hanya ko na dangin maigari ba. In burinka kashi 80 ne, yankin da aka samu ƙasa da 13 cikin 19 ya gaza. Ba zai ba ka ainihin kason kowane yanki ba, amma zai nuna inda za a koma, kuma in ka haɗa yankuna biyar ko fiye ka sami kason gunduma.

Don sanin ko maganin na karewa, ɗauki yaran da suka zo likita gwaji ya kama su, kowane ɗaya ka nemo masa tsararrakinsa lafiyayyu a unguwarsu, ka duba wa ya sha zagayen da ya wuce. Da wannan hanya aikin ACCESS-SMC, da Unitaid ta ɗauki nauyi a ƙasashe bakwai har da Nijar a 2015 da 2016, ya sami kariya ta kusan kashi 88 cikin kwana 28 na farko, ta sauka zuwa wajen 61 daga kwana 29 zuwa 42. Ka ga ke nan jinkirin zagaye ba ƙaramin abu ba ne. Rubuta ainihin ranar da kowane zagaye ya fara, ba ranar da aka tsara ba. Ka leƙa Nuwamba ma, bayan zagayen ƙarshe.

Abu biyu a gurguje. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a kusan kashi 29 na ƙananan yara. Kada ka gwada shi da wani awo da aka yi da rani. Kuma masu rabon CPS suna auna damtsen yara, don haka in tamowa ta hau a rahoton watan kamfe, nemowa aka yi.

Ɗan Bagalam

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura guda: rahotannin masu tallafi sukan ce an ceci rai kaza. Daga ina wannan lamba take fitowa, kuma mutum zai iya fitar da irinta ga gunduma guda? Sannan ta yaya ake sanin ko kuɗin ya yi daidai da amfanin?

Hajiya ta Mokoyo

Babu wanda ya ƙirga waɗannan rayuka da yatsa, ƙanena. Lissafin kwamfuta ne: a ɗauki yawan waɗanda abu ya kai gare su, a ninka da ƙarfin da ya nuna a gwaji. Sanannen lissafin 2015 da ya ce an kauce wa kamu miliyan 663 a Afirka tun 2000, kashi 68 saboda sange, irin wannan ne. Yana da amfani ga nahiya. A gunduma guda ba na ba da shawara, don lissafin yana ɗauka cewa maganin ya yi aiki kamar a gwaji, wato abin da kake son ka bincika shi ne ya riga ya amince da shi.

Ko mutuwar yara ta ƙasa baki ɗaya ba ta porje guda ba ce. Binciken da ya fito a 2012 ya nuna ta sauka a Nijar daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, ya ba sange kusan rubu'in rayukan da aka ceta, sauran ya raba wa gyaran abinci, bitamin A, rigakafi, maganin gudawa da zuwa likita. Yanzu ma hannaye sun fi yawa. Gwajin MORDOR a Doso, da aka wallafa a 2018, ya nuna rabon azitiromisin ya rage mutuwar yara da kashi 18, allurar rigakafin masassara kuma ta fara a Gaya a Satumban 2024. Yaro guda da ya rayu, masu tallafi uku na iya sa shi a rahotonsu. Ka zana jadawalin duk abin da ya shigo gundumarka da watan da ya shigo, ka rubuta "ya taimaka", ka bar "shi ya jawo" sai inda kake da maƙwabcin gwadawa.

Kuɗi kuwa, raba shi da yaron da ya shanye, ba da wanda aka miƙa wa ba. ACCESS-SMC ya lissafa dalar Amurka 3.63 ga kowane yaro a zagaye huɗu, wajen jika biyu. In rabin yaran ne suka cika, farashin gaskiya ya ninka. Ka sa abin da takardar porje ba ta ɗauka: kuɗin kabu-kabu da iyali suka biya, maganin da aka rubuta musu su sayo a waje ranar da kyauta ta yanke, da ma'aikatan da kamfe ya kwashe daga CSI. Wannan na ƙarshe yana da sauƙin dubawa: gwada awon ciki da rigakafin yara na satin kamfe da na satin da ya gabace shi. Ka kuma duba ko kasafin gwamnati ja da baya ya yi da kuɗin waje ya shigo. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka kashi 15 na kasafi suka yi wa lafiya alkawari.

Kada ka ɗauka abin da ya ci a wani wuri ya ci a nan. Shirin AMFm na 2010 zuwa 2012, mai tambarin koren ganye, ya sauƙaƙa farashin magani mai inganci ta hannun ƴan kasuwa. Masu awo na waje sun ga babban canji a Gana da Kenya da Najeriya, amma a Nijar da Madagaska canjin kaɗan ne. Ka lura, na waje ne suka faɗi haka. Wanda albashinsa ke rataye da sabunta porje ba shi ake ba ma'auni ba.

Sai abin da ya zo ba da son kowa ba. Shirin Amurka na yaƙi da masassara, wato PMI, da ya shigo Nijar a 2017 ya fi ƙarfi a Doso da Tawa, ya shiga cikin dakatar da tallafin da aka yi a Janairun 2025. Janyewar kuɗi ma awo ce: duk inda kaya suka yanke, a rubuta ranar, a bi ledar jini da kwantarwa na watannin da suka biyo.

Mai Sito

Yaya Hajiya, a ƙara masa guda da kowa ya tsallake: shin ƙwayar kanta tana aiki? Rajista ba za ta faɗa ba.

Ingancinta daban, ƙarfinta a kan cutar daban. Na farko, ɗauki samfuri daga sito da kuma daga hannun ƴan talla a kasuwa, rubuta lambar rukuni da ranar lalacewa, a kai ɗakin awo na LANSPEX a Yamai. Lambar rukunin za ta kuma nuna maka ko maganin kyauta ne ya fita kasuwa. Coartem ƙasa da digiri 30 ake so a ajiye shi, don haka a rataye ma'aunin zafi a sito, a rubuta safe da azahar.

Na biyu ba aikin gunduma ba ne ita kaɗai, sai da PNLP, shirin ƙasa na yaƙi da masassara, da cibiyar bincike irin CERMES, amma ka nemi sakamakon na baya-bayan nan ka sa a rahotonka. Ana ba yara maganin a gaban ido, a duba jininsu da madubin likita a rana ta 1, 2, 3, 7, 14, 21 da 28. In cutar ta dawo, a gwada a ga tsohuwar ce ko sabon cizo, don a agajeri, lokacin da masassara ta fi yawa, sabon cizo ba wuya. In gazawa ta wuce kashi 10, OMS ta ce a canza magani. A kula da waɗanda har rana ta 3 ƙwayar cutar ba ta bar jininsu ba, don da haka aka fara gane juriyar artemisinin, tushen Coartem da artesunat, da yanzu aka tabbatar a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Kuma Ɗan Bagalam, in ka ga an ba yaro artesunat-amodiyakin a watan CPS, rubuta shi a matsayin kuskure: ya riga ya sha amodiyakin, Coartem ne nasa.